Ciwon haƙori da dare: me ke tayar da shi, kuma me za a yi kafin gari ya waye?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Likitocinmu da masu harhaɗa magunguna, ina so mu tattauna ciwon haƙorin da ke tashi da dare, don hunturu ya shigo kuma ƙorafin ya yawaita. Abin da masu ciwon ke faɗa kusan iri ɗaya ne: da rana haƙorin yana ɗan taɓa su ne kawai, amma da sun kwanta bayan isha'i sai zugi ya taso har cikin kunne da gefen kai. Me ya sa sai dare? Sannan me za mu ce mutum ya yi da ƙarfe biyun dare, babu asibitin haƙori a buɗe, ba tare da ya jawo wa kansa wata matsalar ba?

Dakta Kabiru:
Wa alaikumus salam Sista. Sai an fara da ƙirar haƙorin kansa. Farin da ake gani a waje ɓawo ne mai tauri, babu jijiya a cikinsa. Ƙarƙashinsa akwai sashe mai ɗan rawaya, cike da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, duk sun nufi tsakiya. A tsakiyar akwai kogo na halitta mai ɗauke da tsoka mai laushi, jijiyoyin jini da jijiyar da ke jin zafi, kuma jini ba shi da mashiga sai ta 'yan ramuka a ƙarshen saiwoyi. Idan yatsa ya kumbura, fata tana miƙewa ta ba kumburin wuri. Bangon haƙori ba ya miƙewa. To idan ruɓa ta ci ta kai kusa da tsakiya, ƙwayoyin cuta suka sa tsokar ta kumbura, kumburin ba shi da inda za shi sai ya matse jijiya.

Da rana mutum yana tsaye ko zaune, kai yana sama da zuciya. Da ya kwanta sai jini ya ƙara taruwa a kai, matsin da ke cikin haƙorin ya ƙaru, shi ya sa zugin ke ƙaruwa. Dalilin ke nan da mai irin wannan ciwo yake jin ya tsananta a sujada. Akwai kuma sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa, wanda yake danne kumburi: yana yin ƙasa sosai wajen tsakar dare, ya dawo sama da asuba. Ga shiru, babu aiki ko hira da za su ɗauke hankali.

Abin da nake so a riƙe shi ne wannan. Haƙorin da ke tsami idan ruwan sanyi ko zaƙi ya taɓa shi, tsamin ya ɓace cikin 'yan daƙiƙoƙi, jijiyarsa tana iya warkewa, ciko ya ishe shi. Wanda zafinsa ke daɗewa fiye da daƙiƙa 30 bayan an cire abin, ko yake tashi haka kawai ya ta da mutum daga barci, yawanci jijiyar ta wuce gyara. Magani zai saya masa dare ɗaya ko biyu, amma sai an taɓa haƙorin.

Malam Nura:
Madalla Dakta. Ni bari in ɗauki ɓangaren magani, don a nan ake yawan ɓarna. Ga babban mutum mai lafiya, abin da ya fi aiki shi ne ibuprofen 400 mg tare da parasitamol 1000 mg, wato ƙwaya biyu ta 500. Hanyoyin aikinsu daban ne, ibuprofen yana rage kumburin, don haka haɗinsu ya fi kowanne shi kaɗai. Ibuprofen duk awa 8, bayan an ci abinci, kada ya wuce 1200 mg a yini in ba likita ya ce ba. Parasitamol duk awa 6, kada ya wuce 4000 mg a yini, wato ƙwaya 8. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ya tsaya a ƙwaya ɗaya lokaci guda har ya ga likita.

Lokacin sha yana da muhimmanci. Maganin yana ɗaukar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ya kama. Wanda ya san haƙorinsa yana tashi da dare ya sha kamar awa guda kafin ya kwanta, kada ya jira sai zugin ya kankama.

Waɗanda ba za su taɓa ibuprofen ba: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, da mai asma da irin waɗannan magunguna ke tayar masa. Su parasitamol kaɗai. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambaya tukuna.

Sai batun haɗi. Mutum ya je kemis ya ce a haɗa masa na ciwon haƙori, a ƙulla masa ƙwayoyi biyar ko shida a leda babu suna. Sau da yawa a ciki akwai ibuprofen da diklofenak da piroksikam a tare, alhali dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, yana dai ninka haɗarin zubar jini a ciki da lalata ƙoda. Haka yawancin maganin mura akwai parasitamol a cikinsa, a lissafa shi cikin ƙwaya 8 ɗin nan. Tramadol kuwa ba ya rage kumburi, ga kama jiki, ba wurinsa ba ne.

Maman Ilham:
Malam, yara fa? Iyaye mata suna raba ƙwayar manya biyu su ba yaro.

Malam Nura:
Da nauyi ake auna na yara, Sista, ba da shekaru kawai ba. Parasitamol 15 mg ga kowane kilo, duk awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini. Yaro mai kilo 20 zai sha 300 mg, wato 12.5 ml na ruwan maganin da aka rubuta 120 mg a 5 ml. A duba jikin kwalbar, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma a auna da sirinji ko murfin awo, ba cokalin cin abinci ba. Asfirin ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16.

Malam Ilu Damagaram:
Sallama ga kowa. Lokotoro, ku yi mana adalci game da kanumfari. Mutanenmu tun kaka da kakanni da shi suke kwantar da haƙori, da tafasasshen ruwan bagaruwa na kurkure baki. Ba kowa ke da farmasi kusa ba, amma kanumfari kowane gida akwai.

Dakta Kabiru:
Malam Ilu, babu mai musun kanumfari. Akwai sinadarin yujinol a cikinsa mai sa jijiya ta yi sanyi, kuma mu kanmu cikon wucin gadi da muke sa wa haƙori da shi ake haɗa shi. Yadda za a yi: a ɗauki ƙwara ɗaya ko biyu, a jiƙa da yawu ta yi laushi, a ɗan tauna ta ɗaya gefen, sannan a ajiye ta jikin haƙorin. Idan man kanumfari ne, ɗigo biyu a ƙaramin cokali ɗaya na man zaitun ko man gyaɗa, a tsoma 'yar auduga, a matse ta sosai, a sa a kogon kamar minti 10, a cire kafin barci. Tsagwaron man yana ƙona dasashi da harshe, kuma ba a ba ƙananan yara, don haɗiye shi yana taɓa hanta. Ya fi aiki idan akwai buɗaɗɗen kogo da zai shiga. Sauƙinsa ba ya daɗewa.

Bagaruwa tana tsuke dasashi, tana iya rage ɗan jini da kumburin sama, amma ba ta isa cikin haƙori. Ruwan gishiri ma haka: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, a kurkure daƙiƙa 30 a tofar, sau uku ko huɗu a yini. Amfaninsa wanke kogon da kwantar da dasashi.

Kafin duk wannan a fara cire abin da ya maƙale. Zaren nama, ƙilishi ko ɓawon wake tsakanin turame biyu yana iya hana mutum barci shi kaɗai. Da zaren sakace za a cire, a zura shi a hankali a goga jikin kowane haƙori. Allura, fil da tsinken tsintsiya suna huda dasashi su ƙara buɗa gurbin.

Sannan a ɗaga kai da matashi biyu ko uku, ko a kwana a jingine. A tauna ta ɗaya gefen, a bar shayi mai zafi, lemon kwalba da zaƙi a daren.

Baban Sadik:
Dakta, a nan mutane gasa kunci suke yi da tsumma da ruwan zafi, wasu su shafa man zafi su ɗaure da ɗankwali. Suna cewa suna jin daɗi.

Hajiya Dakta Rabi:
Baban Sadik, ka hana su. Idan akwai mugunya, zafi daga waje yana ƙara kumburin, yana jawo ta wajen fata, ƙarshe ta fashe a kunci ta bar tabo. Sanyi ake sawa: ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi a naɗe a ƙyalle, a ɗora a kunci minti 15, a huta minti 15. Ba a ɗora ƙanƙara a kan haƙorin kai tsaye.

Akwai alama ɗaya da ya kamata ma'aikatan lafiya su gane. Mutum ya zo riƙe da gorar ruwan sanyi, yana kurɓa yana riƙewa a baki, ya ce shi kaɗai ke kwantar masa, abu mai zafi kuwa yana haukata ciwon. Wannan jijiyar tana gab da mutuwa ne. Ba laifi ya ci gaba da riƙe ruwan har safe, amma da safe asibiti.

Abubuwan da ake zubawa a kogo su ne suka fi damuna: ruwan batir, fetur, kananzir, man birki, garin taba, dakakkiyar tafarnuwa, da ƙwayar asfirin da ake dannawa jikin dasashi. Asfirin asid ne, yana barin farin ƙuna a dasashi da cikin kunci, kuma ba ya shiga haƙori ta nan. Ruwan batir yana cin nama har ƙashi. Wasu daga cikinsu suna sa ciwon ya yi shiru saboda sun ƙarasa kashe jijiyar, sai a ce magani ya ci. Batun tsutsa kuma da ake turara hayaƙi a ce ta faɗo, babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukari su fitar da asid, asid ɗin ya narkar da ɓawon.

Baban Sadik:
Ranki ya daɗe, na yarda da wannan. Inda nake da ja shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta. Daga ƙauyuka da yawa sai an yi tafiyar awanni kafin a ga likitan haƙori, ga kuɗin mota. Idan mutum ya zo ƙaramin asibiti da ciwon dare, me zai hana a ba shi amoksisilin ko Ampiclox da Flagyl, ko ba komai a tare abin kafin ya yi nisa?

Dakta Kabiru:
Abin da zai hana shi ne ba zai rage masa zugin ba. Ciwon kumburi ne a rufaffen wuri, kuma idan jijiyar ta mutu jini ma ya daina shiga, to ta ina maganin zai kai? Abin da ke faruwa, ana shan kwana biyu, jijiyar ta mutu don kanta, ciwo ya lafa, a yaba wa kafso. Ƙwayoyin cutar suna nan a cikin saiwa. Bayan makonni ko watanni su fita ta ƙarshenta su tara mugunya a ƙashi. A lokacin haƙorin sai ya zama kamar ya fi sauran tsawo, ba ya son a taɓa shi ko da harshe, wani lokaci ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana fashewa yana dawowa. Kuma an riga an saba wa ƙwayoyin cutar da maganin da za a nema ranar da ake buƙatarsa.

Baban Sadik:
To amma ba za a sallami mutum hannu rabbana ba, Dakta. Ku ba mu iyaka da za mu yi aiki da ita.

Hajiya Dakta Rabi:
Gaskiyarka, ga iyakar. Ciwo kawai, babu kumburin fuska, babu zazzaɓi: maganin zafi yadda Malam Nura ya faɗa, da takardar tura shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kumburi a kunci ko muƙamuƙi tare da zazzaɓi na digiri 38 ko fiye, ko kaluluwa a wuya, ko mai ciwon suga da ya kumbura: a fara amoksisilin 500 mg sau 3 a yini, kwana 5, a tura shi a ranar. Wanda penisilin, dangin amoksisilin, ba ya karɓarsa a ba shi metronidazol 400 mg sau 3 a yini. Maganin rakiya ne zuwa inda za a fitar da mugunyar, ba madadinsa ba.

Akwai kuma waɗanda ba a jira safiya da su. Kumburi a ƙarƙashin haɓa da ya yi tauri ya kama gefe biyu, harshe ya ɗago, yawu yana dalala saboda haɗiya ta gagara, murya ta canza, ko numfashi yana wahala. Wannan yawanci daga turaman ƙasa na baya yake tasowa, don saiwoyinsu suna kusa da ƙasan harshe, kuma yana iya toshe maƙogwaro cikin awanni. Kada a kwantar da shi rigingine, a tafi da shi a zaune zuwa babban asibiti mai sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko babban asibitin da ya fi kusa. Haka kumburin da ya hau ya rufe ido, da bakin da ba ya buɗuwa ya ɗauki yatsu biyu.

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, idan dasashinsa yana jini, baki yana wari ƙwarai, kunci ya kumbura, a yi tunanin cutar noma. Cikin kwanaki take cin fuska, amma a matakin farko magani yana tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato.

Sannan dattijo, ko mai suga ko hawan jini, da ya ce muƙamuƙinsa na ƙasa yana ciwo tare da nauyin ƙirji, gumi ko ciwon hannun hagu, a duba zuciya kafin haƙori.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Akwai waɗanda ake duba bakinsu ba a ga kogo ko ɗaya ba, amma suna kuka da dare.

Dakta Kabiru:
Da farko rashin ganin kogo ba ya nufin babu shi. Ruɓar da ke tsakanin haƙora biyu ko ƙarƙashin tsohon ciko sai hoto ke nuna ta. Bayan wannan, a lokacin hunturu a fara tunanin mura. Saiwoyin turaman sama suna dab da kogon iska da ke cikin ƙashin kunci. Idan mura ta cika shi, haƙora uku ko huɗu na sama su yi ciwo tare, ya ƙaru a ruku'u, ga toshewar hanci. Maganin murar ne maganinsa, ba cire haƙori ba. Toshewar hancin kuma tana sa a kwana baki buɗe, yawu dama yana raguwa cikin barci, sai busasshiyar iska mai sanyi ta bugi wuyan haƙoran da dasashi ya janye daga kansu. Wannan janyewar sau da yawa daga dirza ce, da buroshi mai tauri, gawayi, toka, ko asuwakin da ba a tauna bakinsa ya yi laushi ba, ana ja gefe zuwa gefe. Man goge baki na masu tsamin haƙori yana taimakawa: a shafa kaɗan da yatsa a wurin kafin barci, a bar shi, amma sai an yi kamar mako biyu ake ganin aikinsa.

Tsagewa ma tana nan, daga tsakuwar shinkafa, ƙashi, busasshiyar aya ko buɗe kwalba da haƙori. Alamarta zafi mai kaifi lokacin da aka saki cizo. Masu cizon haƙora cikin barci su kuma sun fi jin nasu da asuba, muƙamuƙi a gajiye, kan haƙora ya side, kuma akwai robar da ake auna musu su riƙa kwana da ita. Matasa 'yan shekara 17 zuwa 25 a duba turmin ƙarshe na ƙasa: idan ya fito rabi, abinci yana shiga ƙarƙashin fatar da ta rufe shi. A wanke wurin da ruwan gishiri a sirinji marar allura.

Malam Nura:
A ƙara da masu sikila, Dakta. Jini yana iya toshewa a cikin lafiyayyen haƙori ya yi ciwo babu ruɓa. Su a haɗa da likitansu, kuma a yi hattara da ibuprofen saboda ƙoda.

Malam Ilu Damagaram:
Abin da ke hana mutane zuwa likita tsoron cirewa ne. Ana cewa cire na sama yana taɓa ido, kuma mai ciki ba a taɓa mata haƙori sai ta haihu.

Hajiya Dakta Rabi:
Malam Ilu, jijiyar gani daban take, cire haƙorin sama ba ya rage gani. Mugunyar da aka bari a saiwar fiƙa ko turmin sama ita ce ke iya hawa wajen ido. Mai juna biyu ana yi mata ciko, ana cire mata haƙori da allurar kashe zafi, an fi son wata na 4 zuwa na 6, amma idan akwai mugunya ba a jira ko a wane wata take.

Kuma ba kowane zuwa ne cirewa ba. Idan gangar haƙorin da saura, ana buɗe shi a cire mataccen naman, a wanke hanyoyin saiwa a cike su, daga baya a sa masa hula. Buɗewar farko kaɗai takan sauke zugin a ranar. Ya fi cirewa tsada kuma yakan ɗauki zuwa biyu ko uku, amma turmin farko ya cancanci hakan, don shi ke ɗaukar nauyin tauna. Wannan turmin yana fitowa ne a shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye suna ɗauka na nono ne zai famfare, su bar shi ya ruɓe, alhali ba shi da magaji.

Baban Sadik:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni, ranki ya daɗe. Wasu ana cire musu, kwana biyu lafiya, a dare na uku ciwo ya dawo fiye da na da, har su ce an bar guntu.

Hajiya Dakta Rabi:
Yawanci ba guntu ba ne, gudan jinin da ya toshe ramin ne ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Yana farawa kwana 2 zuwa 4 bayan cirewa, da wari da ciwo har kunne, kuma ya fi samun turaman ƙasa da masu shan sigari. Rigakafinsa a ranar farko yake: a cije audugar minti 30 ba a buɗe baki, awa 24 babu kurkure baki, babu yawan tofar da yawu, babu zuƙar abin sha da bututun roba, babu abu mai zafi. A alwala a shigar da ruwa a hankali a bar shi ya zubo, kada a wuce haka. Sigari da shisha a ajiye su aƙalla kwana 3. Ruwan gishiri sai washegari, shi ma a hankali. Idan ya riga ya faru, kafso ba ya maganinsa. Ya koma inda aka cire, a wanke ramin a sa masa magani a ciki, yawanci kafin ya bar kujerar ya fara jin sauƙi, wani sai an sake masa bayan kwana biyu.